Na ɗaura wa hitar bawul batirin LiFePO4: abin da na gani cikin wata biyar

Ƙugin nan ya shekara biyu yana cin raina. Sana'ata gyaran amfilifaya ce da lasifika, na masallatai da na masu haya don biki, kuma a shago duk abin da ke zuwa hannuna mai taransisto ne ko mai IC. Amma a gida ina da wani ɗan akwati da na haɗa da hannuna, mai bawul uku, ECC83 guda biyu da ECC82 guda ɗaya, wanda aikinsa shi ne ya karɓi ɗan siririn sautin da allura ke ɗaukowa daga faifan garmaho ya ƙara masa ƙarfi kafin ya miƙa wa babbar amfilifaya. Fayafayan na marigayi mahaifina ne, kwali biyu, masu juyi 45 da masu 33. Da na kunna, kafin allura ta taɓa faifai, sai ɗaki ya ɗauki wani huuuum kamar an saki ƙudan zuma a cikin tulu. Daga bakin ƙofa ana jinsa. Uwargida ta sa masa suna janareton Malam.

Wanda bai taɓa buɗe irin wannan kaya ba, bawul kwalba ce ƙarama da aka zuƙe iskar cikinta. A tsakiyarta akwai wata siririyar waya da muke kira hita, ita ce ke yin ja in an kunna, tana gasa wani ɗan bututu mai suna katod har ya fara sakin ilektron. In hita ba ta yi zafi ba, bawul gawa ce. A yawancin amfilifaya ana ciyar da hitar ne kai tsaye daga taransifoma, da wutar AC, wato wadda ke kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, irin wadda ke zuwa gidajenmu. Wannan kai da komowar ce ke ɗan yoyo ta shiga hanyar sauti. A babbar amfilifaya ba komai ba ne, sauti ya riga ya girma ya fi ƙarfinta. A matakin allura kuwa labari ya sha bamban. Abin da allura ke bayarwa bai wuce milibolt biyar ba, sannan tsarin RIAA da ake yanka fayafayi da shi tun 1954 yana rage sautin ƙasa, wato mai kauri, lokacin yanka, don haka dole akwatin ya mayar da shi lokacin saurare. A daidai wurin da ƙugin wuta yake, ƙarin ya kai kusan ninki bakwai a kan na tsakiyar murya. Wato akwatin da kansa yake ɗaukar ɓarawon ya goya shi.

Babu dabarar da ban gwada ba. Na murɗe wayoyin hita kamar igiyar guga, na kwantar da su a kusurwar ƙarfe. Na sa resista biyu masu om 100 zuwa ƙasa, wato jikin ƙarfen akwatin. Na fitar da taransifoma daga akwatin gaba ɗaya na ba ta nata gida. Ƙugin ya ragu, bai tafi ba. Na juya wutar hitar ta koma miƙaƙƙiya da dayod huɗu da babbar kondensa, sai huuum ya koma zzzz, wanda ya fi ban haushi. Daga ƙarshe na sa LM317, wata IC mai daidaita wuta, ta riƙe wutar a bolt 12.6, kuma gaskiya ranar na yi murna, domin shiru ya samu. Sai dai LM317 tana son a ba ta rarar bolt biyu zuwa uku a sama da abin da za ta fitar. Da rana, in wutar unguwa ta cika, lafiya lau. Da magariba, lokacin da kowane gida ya kunna fanka da firji da abin dafa ruwa, mitata takan nuna 180 ko ƙasa da haka maimakon 230, rarar nan ta ƙare, ƙugi ya dawo. Ni kuma bayan isha'i nake samun zama in saurari faifai. In maƙwabci ya taimaka mini da layin janareto, abin ya fi muni.

Maigidana da na koyi aiki a wurinsa, Allah ya jiƙansa, ya taɓa nuna mini wata tsohuwar rediyo mai bawul irin su DF96 da DL96, waɗanda zarensu, wato hitarsu, ke cin bolt 1.4 kacal daga busasshen batir, sannan wani batir mai bolt 90 ya ba da babbar wuta. Shi ne ya fara gaya mini dalilin da ya sa ake rubuta 6.3 a kan hitar bawul, lambar da na daɗe ina ganin ba ta da kan gado. Batirin mota na da, mai ɗaki uku, kowane ɗaki bolt 2.1, in ka haɗa 6.3 ke nan. Mai ɗaki shida kuma 12.6. Ashe tun asali da batir aka yi wa bawul awo, taransifoma daga baya ta zo. Wannan maganar ce ta faɗo mini wani dare ina zaune ina harara akwatin.

Batirin da na sayo a kasuwar Sabon Gari ne, wajen masu kayan sola. Baƙar roba ce, girmansa daidai da ƙaramin batirin UPS, an rubuta LiFePO4 (wani nau'in batirin lithium), 12.8V, 7Ah (yawan cajin da yake ɗauka) a jikinsa, da wani suna da ban taɓa ji ba kuma ban ƙara gani a wani shago ba. Ya zo da cajarsa, mai bolt 14.6 da amfiya 2. Kuɗinsa ya kusa ninka na mai ruwan asid sau uku. Yaron shagon ya tambaye ni, "Baba, fanka za ka sa masa ko fitila?" Na ce masa bawul. Ya dube ni ya dubi maigidansa. Maigidan ya ce, "Alhaji, mu dai in ya ba ka matsala cikin wata ɗaya ka dawo da shi." Na ciro mita daga aljihu, ba su hana ni ba, na auna na ga 13.2. Wannan kaɗai ya sa na ji daɗin shagon, domin akwai inda in ka fito da mita sai a ɓata rai kamar ka zagi mutum.

Abin da ya sa na zaɓi wannan nau'in, ban ɗauki mai asid ba duk da araharsa, shi ne halin wutarsa. Mai asid yana farawa daga wajen 12.7 ya riƙa sulalewa ƙasa sannu a hankali, kuma in kana son ya yi ƙarko ba za ka sha fiye da rabinsa ba. In ka manta shi babu caji na 'yan makonni, ya tafi ke nan. Ga nauyi, ya haura kilo biyu, wannan kuwa bai cika kilo ɗaya ba. Akwai kuma masu haɗa batiran tsohuwar kwamfutar cinya, 18650, guda uku a jere, su ce ai 12.6 yake bayarwa cif. Haka ne, a mintin da ka cire shi daga caji. Bayan nan sai gangara, ya zauna wajen 11.1, ya ƙare a 9. Hitar da aka bar ta da yunwa haka ba ta ba da sauti mai kyau, katod ɗin ma ba ya jin daɗi. LiFePO4 kuwa kowane ɗaki bolt 3.2 ne, huɗu su ba ka 12.8, kuma yana tsayawa tsakanin 13.3 da 12.8 kusan duk tsawon aikinsa. Mai bawul masu 6.3 sai ya haɗa ɗaki biyu ya sami 6.4. Kamar don mu aka yi shi, alhali masu binciken da suka fito da sinadarin a Jami'ar Texas ta Amurka, ƙarƙashin John Goodenough wanda ya sami kyautar Nobel a 2019, ba bawul ce a gabansu ba. Wani abin da na duba shi ne zafi. Wannan nau'in ya fi yawancin sauran batiran lithium haƙuri da zafi kuma ba shi da saurin kamawa da wuta, abin da duk wanda ya san watan Afrilu a Kano zai sa a lissafi.

Daren farko na ji kunya. Na cire wayoyin hita daga LM317 na ɗaura su a batir, na kunna, sai ƙugi ya fito fiye da na da. Na zauna na yi tagumi, ina lissafin kuɗin da na zubar. Sai da na sha shayi na dawo sannan na gane wautata: na bar batirin yana lilo, babu abin da ya haɗa shi da jikin akwatin. Hita da wayoyinta da batirin duk sun zama eriya, suna kwasar duk wata wuta da ke yawo a ɗakin. Na ɗauki 'yar waya na haɗa ƙafar batir ta ragi da wurin da duk ƙasan akwatin ke haɗuwa. Shiru. Na ɗauka ma wani abu ne ya tsinke, sai da na taɓa allura da yatsa na ji lasifika ta amsa. Na ƙure murya, na kai kunne jikin lasifika, abin da ya rage sai wani ɗan shhh na bawul ɗin kanta da ɗan burbushin ƙugi da ke zuwa ta babbar wuta. Daga kujerata ba a jin komai. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, yau janareton ba mai ne?"

Akwai gyara ɗaya da ya zama dole. Batirin in ya sauka daga caji yakan nuna sama da 14, ya sauko 13.6 bayan ɗan hutu, sannan ya zauna a 13.3 in an ɗora masa kaya. Ƙa'idar hita ita ce kada a wuce kashi goma cikin ɗari sama ko ƙasa, masu tsantseni ma suna cewa kashi biyar, kuma wuta mai yawa tana rage wa bawul kwana. Bawul ɗina uku, kowace tana jan miliamfiya 150 a kan 12.6, jimla 450. Na sa resista mai om 1.5, wat 2, a kan hanya. Tana cinye kusan bolt 0.7, don haka hita na ganin 12.6 a farkon dare, 12.1 in batir ya yi nisa. Ta kuma rage fizgar farko, domin hita mai sanyi tana jan wuta ninki da yawa a daƙiƙun farko kafin ta yi zafi. Na sa fis mai amfiya 2 dab da ƙafar batir. Kada wanda ya raina wannan. Ɗan batirin nan in wayoyinsa suka haɗu zai iya narkar da roba kafin ka miƙa hannu, kuma ban yarda in dogara da allon kariyar da ke cikinsa kaɗai ba.

Sauti fa? Nan ne mutane ke son a yi musu waƙa, ni kuma ba zan yi ba. Na sha jin masu cewa batir yana sa murya ta yi zaƙi, kalangu ya yi taushi, goge ya yi kuka kamar mai gogen na ɗakin. Ni abin da kunnena ya shaida shi ne ƙugi ya tafi, kuma da ya tafi sai ƙananan abubuwa suka fito: numfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti, amsawar 'yan amshi daga nesa, wutsiyar kiɗa lokacin da faifai ke ƙarewa. Dama suna nan, rufe su aka yi. Da rana tsaka, wuta a cike, na sha gwada batir da LM317 ɗaya bayan ɗaya, kuma in aka rufe mini ido ba na jin zan iya rantsuwa wanne ne wanne. Fifikon batir a wurina shi ne ba ruwansa da abin da wutar unguwa ke yi. Ƙarfe tara na dare daidai yake da ƙarfe tara na safe.

Yanzu aibobinsa, kuma suna da dama.

Na farko, 7Ah ɗin nan da aka rubuta ba ta cika ba. Da lissafi, miliamfiya 450 daga 7Ah ya kamata ta kai ni awa goma sha biyar da rabi. Na cika shi, na bar hita a kunne ina duba agogo, sau biyu, duka ya tsaya a wajen awa goma sha uku. Da watan garanti ya wuce na ɓalle murfin, na tarar da ɗakuna huɗu masu lamba 32700, irin waɗanda aka saba sayarwa a kan 6Ah. Ina zaton sun ga robar ta yi daidai da ta batirin UPS mai 7Ah ne suka ara masa lambar. Aikin cikin ba laifi, an yi walda da kyau, an naɗe da takarda mai kauri, sai dai wayoyin da suka zo ƙafafu sirara ne. Awa goma sha uku ta ishe ni mako guda, tunda ba na wuce awa biyu a dare. Amma abin da ban saya ba aka karɓi kuɗinsa, kuma da na koma na faɗa wa mai shagon, dariya ya yi ya ce haka suke zuwa.

Na biyu, kyawunsa shi ne muninsa. Tunda wutarsa ba ta sauka sai a ƙarshe, ba ya yi maka sallama. Wani dare na tara abokai biyu, an kawo shayi, faifai na tsakiyar juyi, sai murya ta fara yin nisa kamar mawaƙin ya juya baya yana tafiya, cikin 'yan daƙiƙu ta ɓace. Allon kariya ne ya yanke wuta da ya ga ɗakunan sun kai ƙasa, hita ta huce, katod ta daina aiki. Faifai na ta juyi babu mai magana. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Injiniya, ko a nan ma an ɗauke?" Washegari na sayo 'yar mita mai jan lambobi na manna, sai ga wani siririn tsiii a lasifika, domin irin waɗannan mitocin suna kunna lambobinsu suna kashewa da sauri, kuma hayaniyar na bin waya ta koma ciki. Na cire ta na sa tsohuwar mita mai allura da na ciro daga wata matacciyar sitabilaiza. Yanzu in na ga ta sauka ƙasa da 12.8, na san lokacin caji ya yi.

Na uku ita ce cajar. Tana aikinta, awa uku da 'yan mintuna ta cika shi, fitilarta ta koma kore. Amma irin cajar nan ce mara nauyi mai saurin kunnawa da kashewa, kuma muddin tana jone, ko da batir ya cika, ƙazantar da take turawa ta fi ƙugin da na gudu daga gare shi. Har rediyon ɗakin uwargida tana kamawa in tana kan gajeren zango. Dole na sa makunni mai ƙafa shida, gefe ɗaya saurare, gefe ɗaya caji, yana yanke wayoyin biyu gaba ɗaya. Yanke ɗaya kawai ba ya isa, na gwada. Tana kuma yin zafi sosai, ba na barinta a kan katifa ko darduma, ba na kuma barinta jone in zan fita.

Akwai wanda ya zo ya gani ya ce shi ma zai sayo don ya riƙa jin faifai in an ɗauke wuta. Na ce masa ya dakata. Hita kaɗai batirin ke ciyarwa. Bawul tana bukatar wata wutar, mai bolt 250 ko kusa da haka, kuma wannan har yanzu daga taransifoma take zuwa, haka injin da ke juya faifai. In wuta ta tafi, abin da za ka samu shi ne kwalabe uku suna ja a cikin duhu. Wannan babbar wutar kuma tana zama a cikin kondensa bayan an kashe, duk mai sa hannu a ciki ya sauke ta tukuna ya auna. Haka nan in ƙuginka daga babbar wutar yake, ko daga wayar ƙasa da ta zagaya ta haɗu a wuri biyu, ko taransifoma ce ta matse kusa da bawul ta farko, batir ba zai yi maka komai ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ari batirin babur ko na UPS na minti goma, ka ɗaura a hita, ka haɗa ƙasa, ka saurara. In ƙugi ya tafi, sai ka je kasuwa. Da na yi haka tun farko da na huta da shekara biyu na murɗe-murɗen waya.

Babbar amfilifayar kuwa ban ma fara ba, kuma ba zan fara ba. EL84 huɗu ne a cikinta, kowace tana jan amfiya 0.76 a kan 6.3, sun haura amfiya uku ke nan kafin a lissafa ƙananan bawul. Batirin da zai ɗauki wannan kowane dare kuɗinsa ya isa a sayi wani abin, kuma don maganin ciwon da babu shi, tunda hitar AC a wannan matakin ba ta taɓa damuna ba. Inda na san batir zai yi rana sosai shi ne tsofaffin bawul da ba su da katod daban, zaren da kansa ke sakin ilektron, irin su 2A3 mai bolt 2.5 da amfiya 2.5, ko 300B ta Western Electric mai bolt 5 da amfiya 1.2. A cikinsu duk motsin da wutar zare ta yi kai tsaye yake shiga sauti. Sai dai kowace bawul tana son nata batirin daban, kuma ɗaki ɗaya mai 6Ah ba zai riƙe 2A3 fiye da awa biyu da 'yan kai ba. Mai wannan sha'awar sai ya shirya zama mai gadin caja.

Wata biyar ke nan, na yi masa caji bai fi sau ashirin da biyar ba, ban ga alamar ya rage ƙarfi ba, kuma masu yin irinsa suna cewa yana ɗaukar caji sau dubu biyu ko fiye, don haka ina jin bawul ɗin za su riga shi gajiya. Na ajiye shi a ƙasan teburi, nesa da zafin kwalaben, a cikin wani tsohon gwangwanin biskit da na huda wa ramuka. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake juya makunnin zuwa caji, in akwai wuta. In babu, sai in ɗauke shi a jaka ranar Asabar in tafi da shi shago, inda nake da faranti ɗaya na sola a kan rufi.